Yadda Za Ka Zaɓi Girman Ƙwayar Batir Don Motarka Mai Rimot

Motar rimot ta hanya biyu take shigowa karkara. Akwai wadda ake riƙo wa yaro tsarabar sallah daga kasuwar Sabon Gari, akwai kuma wadda samari suke ƙerawa da hannunsu: gwangwani, falanki, guntun bututun roba, a ɗora injin tsohuwar fanka mai caji ko na firinta, a sayo fanel, wato allon lantarkin da ke karɓar umarnin rimot, da rimot ɗin a haɗa. Duka biyun a wuri ɗaya suke cijewa, wato batir. Wanda ya zo da motar yakan daina riƙe caji, a nemi irinsa a kasuwar Gumel ko Ringim ko Dambatta a rasa, sai a ɗauko duk wanda ya shiga ramin a cusa. Daga nan ko dai fanel ya yi hayaƙi, ko motar ta riƙa rarrafe, da ta taka yashi ta tsaya cik.

Abin da ke jawo haka shi ne kowa idonsa na kan babbar lambar nan da ake rubutawa a jikin batir, wato mAh mai nuna yawan wutar da yake ajiyewa, alhali ita ce ta ƙarshe da ya kamata a duba. Kafin ta akwai abu uku: wurin da batirin zai zauna, bolt ɗin da fanel zai iya ɗauka, da yawan wutar da injin yake zuƙa. A haka za mu bi su. Idan na ce ƙwaya ina nufin batir guda tilo, idan na ce ɗauri ina nufin ƙwayoyin da aka haɗa aka naɗe suka zama abu guda.

Mataki na farko: auna ramin

Ɗauko rula ka auna tsawo da faɗi da zurfin ramin batir da milimita, ka rubuta a takarda. Ka cire kamar milimita 5 daga tsawon, domin waya da naɗi su ma suna neman wuri.

Yanzu ka kwatanta da girman ƙwayoyin. AA, wanda muke sa wa agogon bango, kaurinsa milimita 14.5, tsawonsa 50.5. AAA na rimot ɗin talabijin kuwa 10.5 ne da 44.5. Akwai wani gajere mai kauri da ake kira Sub-C, kauri 23 tsawo 43. Za ka same shi a cikin tsofaffin batiran injin huda katako, kuma shi ne aka daɗe ana ɗaura wa manyan motocin rimot masu girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Ƙaninsa shi ne 2/3A, kauri 17 tsawo kusan 28, na ƙananan motoci masu girman 1/16 da 1/18. Waɗannan duka ana samunsu da sinadarin NiMH mai karɓar caji.

Ƙwayoyin litiyom su kuma sunansu ne girmansu. 18650 yana nufin kauri 18, tsawo 65. Shi ne ke cikin batirin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, da fawa-banki, da tocila, da fitilar sola. 21700 kauri 21 tsawo 70. 14500 kauri 14 tsawo 50, wato daidai da AA. Ka lura, 18650 da aka liƙa wa ɗan fanel na kariya a gindi yakan kai milimita 69, kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya hana murfi rufewa.

Ga wani lissafi da zai yi maka amfani. Ramin da aka yi don ɗaurin Sub-C guda 6 tsawonsa kusan milimita 135 ne, faɗi 46, zurfi 24. Ƙwayar 18650 guda 4, biyu a gaba biyu a baya, suna cin 130 a tsawo da 37 a faɗi, sun shiga ke nan har da sauran wuri. Amma 21700 guda biyu a jere tsawonsu 140, mai yiwuwa sai ka yanke robar ramin.

Mataki na biyu: bolt nawa fanel zai ɗauka

Nan ne ake ƙona motoci. Batirin AA na yau da kullum, wanda ake jefarwa in ya ƙare, bolt 1.5 ne. NiMH bolt 1.2, in ya cika ya kai kusan 1.4. Litiyom bolt 3.7, in ya cika 4.2. Idan ka jera ƙwayoyi kai-da-gindi, bolt ɗinsu ne ke taruwa. Idan ka haɗa su kafaɗa-da-kafaɗa, kai da kai, gindi da gindi, bolt bai canza ba, sai dai ajiyar wuta da ƙarfin fitar da ita su ninku. A jikin ɗauri za ka ga an rubuta 2S, wato biyu a jere, ko 2S2P, wato biyu a jere kuma kowane yana da abokinsa a kafaɗa.

Kullum ka yi lissafi da bolt ɗin cikakken caji, domin shi fanel zai fara gani. Motar da ke cin AA guda 3 an yi ta ne don bolt 4.5, don haka litiyom guda ɗaya tak ya wadace ta, kuma takan fi armashi a kansa. Mai cin guda 6, ko mai ɗaurin NiMH na bolt 7.2, litiyom biyu a jere sun dace da ita, tunda cikarsu 8.4 ce, kusan daidai da cikar NiMH guda 6. Mai cin guda 4 ce ke da rigima: bolt 6 take so, litiyom ɗaya ya yi mata kaɗan, biyu sun yi mata yawa. Ita sai ka bar ta a kan NiMH guda 4, ko guda 5 in akwai wuri. Ko kuma ka nemi LiFePO4, wani nau'in litiyom mai bolt 3.2 wanda cikarsa 3.65 ce, guda biyu su ba ka 6.4, in sun cika 7.3. Haka mai ɗaurin bolt 9.6, LiFePO4 guda 3 ne madadinta na daidai, domin litiyom na gama-gari guda 3 cikarsu 12.6.

Don Allah, ɗan'uwa, kar ka ga 14500 ya shiga ramin AA lafiya ka jera guda 4. Bolt 16.8 ke nan ka sakar wa fanel ɗin da aka yi don 6. Da ka kunna makunni zance ya ƙare.

Mataki na uku: amfiya nawa injin ke zuƙa

Wannan matakin shi ne zuciyar zaɓen, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka ɗauki mAh a matsayin girman randa, amfiya kuwa faɗin bakin da ruwa ke fita. Randa ko ta kai girman rumbu, idan bakinta kamar na buta ne ba za ka shayar da garke a lokaci guda ba.

Duba injin motarka. Ƙananan nan masu lamba 130 na motocin yara ba su cika wuce amfiya 1 ba a tafiya, in tayar ta cije su kai kamar 2. Masu lamba 380 da 390 sukan ja amfiya 3 zuwa 6, su haura 10 a lokacin tashi. Manya, 540 da 550, sukan ja daga 5 zuwa 15 a ƙasa, kuma lokacin fizga ko cijewa su wuce 30 na ɗan lokaci. Waɗannan kimantawa ce, domin giya da girman taya da nauyin mota duk suna canza su. Idan injinka ƙarami ne za ka iya aunawa da kanka: juya mitar auna wuta zuwa ma'aunin amfiya 10, ka sa ta a tsakanin batir da jar waya, ka tayar da motar sannan ka danne tayar da hannu na daƙiƙa biyu ka karanta. Babban inji kuwa kar ka gwada shi haka, fiyus ɗin mitar zai tafi.

Ƙasarmu tana ƙara wa wannan lissafi nauyi. Motar da aka ƙera don ta yi gudu a kan siminti ko kwalta, idan ka sauke ta a rairayin Maigatari ko Ɓaɓura, ko a burtalin da shanu suka tattake, tayoyinta nutsewa suke yi, injin yana kokawa tun daga tashi har tsayawa. Abin da a birni fizga ce ta daƙiƙa guda, a nan shi ne tafiyar gaba ɗaya. Saboda haka ni shawarata ka ɗauki lambar sama ta injinka ka nemi ƙwayar da za ta iya ba da ita ba tare da numfarfashi ba.

To wace ƙwaya ce ke ba da me? AAA ka bar shi wa rimot ɗin hannu. AA na NiMH yana jin daɗin amfiya 2 zuwa 4, fiye da haka bolt ɗinsa ya faɗi ya ɗau zafi. 14500 ma ƙaramin ƙarfi gare shi, na ƙananan motoci masu tafiyar hawainiya ne. 2/3A duk da gajartarsa ya fi AA sakin wuta, yana iya amfiya 10 ko fiye. Sub-C mai kyau yana kai 30, wannan ne ya sa ya daɗe yana mulkin manyan motoci.

18650 kuwa iri biyu ne a riga ɗaya, kuma ido ba ya bambance su. Akwai na ajiya, irin na kwamfuta da fawa-banki, wanda aka yi don ya ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i; yawancinsu amfiya 4 zuwa 5 ne iyakarsu. Panasonic NCR18650B, alal misali, yana riƙe 3400 mAh amma bai kai amfiya 7 ba. Samsung 35E yana riƙe 3500 mAh da amfiya 8. Sannan akwai na ƙarfi, irin na injin huda da sauran kayan aikin kafinta masu caji: Samsung 25R, 2500 mAh da amfiya 20, Samsung 30Q, 3000 mAh da amfiya 15, LG HG2, 3000 mAh da amfiya 20. A ɓangaren 21700 akwai Samsung 40T mai 4000 mAh da amfiya 35, da Molicel P42A mai 4200 mAh da amfiya 45. Ka ga yadda abin yake: a cikin 18650, masu yawan ajiya su ne masu ƙarancin ƙarfi. Ga injin 540 a cikin yashi, 25R mai 2500 zai yi wa mai 3500 fintinkau, ya fi shi gudu, ya fi shi sanyi, ya kuma fi shi tsawon rai. Lambar samfurin tana rubuce a jikin ledar ƙwayar. Buga ta a intanet za ka ga takardar bayananta daga kamfanin.

Idan na kwamfuta kaɗai ke hannunka, ba a rasa mafita ba. Haɗa su 2S2P, nauyin aikin ya rabu biyu, ka samu kamar amfiya 8 zuwa 10. Ya ishi injin 380, amma 540 zai so uku a kafaɗa.

Mataki na huɗu: sai yanzu mAh

Lissafinsa mai sauƙi ne. 3000 mAh amfiya 3 ne na tsawon awa guda. Motar da ke jan amfiya 6 a matsakaici za ta cinye shi cikin minti 30. Tunda ba a son a tatse litiyom ƙarƙaf, ka lissafa da kashi 80 cikin 100, minti 24 ke nan.

Ka kuma san iyakar gaskiya ta kowane girma, don kar a yi maka sakiyar da babu ruwa. AAA na NiMH daga 700 zuwa 1000 ne, AA daga 1900 zuwa 2500 ko ɗan sama, 2/3A daga 1100 zuwa 1600, Sub-C daga 3000 zuwa 5000, 14500 bai cika wuce 1000 ba, 18650 kuwa bai cika wuce 3500 ba. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 6800 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta. Ɗora shi a ɗan sikelin masu gwal ko na kicin: na gaskiya giram 43 zuwa 48 yake yi, na jabu sau da yawa bai kai 35 ba. Araha ba ta ado.

Nauyi ma abin dubawa ne. Sub-C guda 6 masu 3000 mAh sun haura giram 300. 18650 guda 2 masu 3000 mAh kusan wuta ɗaya suke ɗauke da ita, amma ba su kai giram 100 ba. A yashi wannan bambancin ba ƙarami ba ne, mota marar nauyi ba ta nutsewa sosai. Manyan ƙwayoyin nan na LiFePO4 masu lamba 32700 da ake cirowa daga fitilun sola na kan titi suna jure zafi, suna kuma daɗewa, amma kowace tana kusan giram 140. Sun dace da babbar tirela ko tarakta da aka ƙera don jan kaya, ba motar tsere ba.

In za a tambaye ni a taƙaice: motar ƙaramin yaro a bar ta a kan AA na NiMH, irin su Eneloop da ba sa zubar da caji in an ajiye, domin NiMH yana yafe kuskure, litiyom ba ya yafewa, kuma bai kamata tsirarar ƙwayar litiyom ta shiga aljihun yaro ba. Matsakaiciyar mota da babba kuwa 18650 na ƙarfi guda 2, ko 4 in rami ya yarda. Batirin LiPo mai kama da fakiti ya fi kowa ƙarfi, amma jikinsa leda ce, ƙaya ko ƙusa na iya huda shi, zafi na kumbura shi, kuma dole sai da caja ta musamman. Wanda bai da irin wannan cajar ya haƙura da shi tukuna.

Idan tsofaffin ƙwayoyi za ka yi amfani da su

Mafi yawanmu daga masu gyaran kwamfuta ko 'yan gwangwan muke samun 18650, ko a saƙo mana daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Babu laifi, in dai za ka tantance. Wadda ta yi tsatsa, ko ta lotse, ko take warin sinadari, ware ta. Auna sauran da mita: wadda ke ƙasa da bolt 2.5 ni ba na sa ta a mota. Waɗanda suka tsallake ka caja su ɗaya-ɗaya zuwa 4.2 da ɗan fanel ɗin nan TP4056, kana taɓawa. Wadda ta ɗau zafi a caji ta faɗi jarrabawa. Ajiye su mako guda ko biyu ka sake aunawa, wadda ta sauka ƙasa da 4.1 tana zubar da wuta. Idan kana da caja mai auna mAh, irin LiitoKala Lii-500, ka haɗa waɗanda ajiyarsu ta yi kusa da juna. In babu, aƙalla ka haɗa waɗanda suka fito daga batir guda, masu lamba iri ɗaya. Sabuwa da tsohuwa, ko 2200 da 3000, ba sa zama ɗauri guda: mai raunin ita za ta fara ƙarewa, ta ci gaba da shan wahala har ta lalace.

Haɗawa da caji

Dukan gwangwanin 18650 ƙafar baƙi ce, wato (−), har zuwa gefen kansa, ledar nan kaɗai ta raba shi da ƙafar ja, wato (+). Idan ledar ta yage, sake naɗe ta kafin komai, ka kuma sa zoben takarda mai kauri a kan. Kafin ka haɗa biyu kafaɗa-da-kafaɗa ka tabbata bolt ɗinsu bai bambanta da fiye da 0.05 ba. Hanya mafi kyau ita ce waldar ɗigo da siririn ƙarfen nikel. Masu haɗa batirin sola da yawa suna da na'urar, kai musu su yi maka. In dole sai dalma, ka kankare wurin, ka yi amfani da ƙarfe mai zafi sosai, ka gama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, domin daɗewar zafi na lalata cikin ƙwayar. Akwatin roba mai sifirin yana yi wa ƙananan motoci, amma a babban inji sifirin ɗin kan yi zafi ya narkar da robar, ga ƙura da ke shiga tsakani lokacin hunturu.

Waya da filogi su ma su dace da amfiyar. Ɗan jan filogin JST na amfiya 3 ne ko kusa da haka. Injin 380 ka sa masa XT30, 540 kuma XT60 ko Deans da waya mai kauri lamba 14 (14 AWG). Sa fiyus ɗin mota a kan jar waya kusa da batir, na 10 ga matsakaici, na 30 ga babba. Ɗaurin litiyom yana buƙatar kariya: ko fanel ɗin kariya da ake kira BMS, na 2S, wanda amfiyarsa ta kai ta injin, ko wayar daidaita cajin ƙwayoyi da za ka riƙa sa wa caja irin IMAX B6. BMS ƙarami shi ne dalilin da mota kan mutu duk lokacin da aka fizge ta. Idan na'urar sarrafa gudun motarka tana da zaɓi tsakanin NiMH da litiyom, mayar da ita kan litiyom don ta yanke wuta kafin ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3.

Cajar NiMH ba ta litiyom ba ce, ta litiyom ɗin gama-gari ma ba ta LiFePO4 ba ce. Ƙwaya mai 3000 mAh amfiya 1.5 ya ishe ta caji. Kamfanoni sun iyakance cajin litiyom a kan zafin digiri 45, mu kuwa a bazara, Afrilu da Mayu, inuwa ma tana haura 40, ballantana ɗakin kwano da azahar. Don haka ka yi caji da safe ko bayan magariba. Mai sola ya tara wutar a babban batir ya caja daga baya. Bar ɗaurin ya huce bayan wasa kafin ka jona shi. Sa shi cikin tukunyar ƙasa da yashi a ƙasanta, nesa da katifa da zana da buhunan amfanin gona, kuma kar ka tafi masallaci ko gona ka bar shi a jone. In damina ta kama za ka ajiye motar, bar ƙwayoyin a kan bolt 3.7 zuwa 3.8, ka cire filogin.

Gwajin ƙarshe a fili ake yinsa. Ɗaure batirin a ƙasa-ƙasa, tsakiyar mota, da ɗan soso a gefe don kar ya riƙa karo. Yi tuƙi na minti 5 a irin ƙasar da za ka riƙa wasa, ka tsaya ka taɓa ɗaurin da wayoyin da filogin. Ɗumi ba matsala ba ne. Idan ba ka iya riƙe shi a hannu, ƙwayoyin sun yi wa injin ƙanƙanta: ƙara wasu a kafaɗa, ko ka koma na ƙarfi, ko ka rage girman taya. Sannan auna kowace ƙwaya daban. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce bolt 0.1, wadda ta fi sauka ita za ka canza.